Kwamfutar da Mahauta Suka Wanke

Samarin da ke zuwa koyon aiki shagona yanzu duk ciwonsu ɗaya ne. Da zarar na ce za mu sabunta wa wani rumbun bayanansa, wato mu kwashe abin da ya tara a tsohuwar manhaja mu zuba a sabon zubinta, sai su dubi juna su yi murmushi. A ganinsu aikin danna wuri ɗaya ne, ka harɗe ƙafa ka jira. Ba na musu da su, don rashin sani ya fi dare duhu. Amma tunda gardama ta yi yawa, bari in rubuta musu yadda sabunta manhaja ya taɓa hana kasuwar Talata nama.

Ni a hannun Malam Bitrus na koyi aikin nan, mutumin Zuru ne da aikin gwamnati ya kawo Mafara a shekarun da noman rani ya kankama a ƙarƙashin dam ɗin Bakolori. Lokacin kwamfuta rubutu kore take yi a kan baƙin allo, kuma in ta tashi sai ka ji kamar ana niƙa. Kayan aikinsa ba su da yawa: sukuddireba, burushin fenti na kaɗe ƙura, da wani gwangwanin biskit cike da faifai. Na daɗe ina bin sa ban taɓa madannai ba, aikina riƙe gwangwani. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, kada ka taɓa kayan mutum sai ka kwafa ka bar masa ajiya. Ta biyu, kada ka tsallake zango. Ya ce masu ƙera manhaja kullum cikin fito da sabon zubi suke, kuma kowane zubi wanda ya gabace shi kaɗai yake fahimta. In mutum ya yi sake zubi da yawa suka wuce shi, to, sai ka bi da kayansa ɗaya bayan ɗaya, yadda ake kora shanu daga zango zuwa zango.

Masu kaya kuwa duk sake suke yi. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya zo da ƙafarsa ya ce a sabunta masa na'ura tana lafiya ba. Sai ta fara tari, firinta ta mutu, an zaga duniya an rasa wadda za ta yarda da ita, sannan a neme ka ido ja kamar kai ka sa mata ciwon. Kullum ranar tafiya suke fafe gora.

Aikin da ya fi koya mini hankali na wata ƙungiyar mahauta ne a nan garin. Kwatarsu daben yanka ɗaya gare ta, da famfo ɗaya. Dam ga shi can ana ta shinkafa da ruwansa, amma famfon nan hantsi na yi yake ɗaukewa. Saboda haka wanda ya fara yanka ranar Talata shi ke wanke namansa da ruwa mai kyau, ya shiga kasuwa daidai lokacin da mutanen Morai da Damri ke sauka daga mota. Na ƙarshe kuwa shi da ƙuda suke raba ciniki. Don haka layi suke bi, kuma layin na girma ne, wanda ya riga ka kama wuƙa shi ke gaba da kai.

Da can rigimar layin nan ba ta ƙarewa, har sai da Malam Bitrus ya haɗa musu kwamfuta. Dattawa suka zauna suna faɗin sunaye ɗaya bayan ɗaya yana shigarwa, duk wanda ya shigo sana'a daga baya kuma a sa shi a ƙasa. Aka shafa Fatiha a kan cewa abin da na'ura ta kira shi ne, ba gardama. Wanda ya ja Fatihar shi ne Baba Nomau, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, kuma sunansa ne na farko. Tsoho ne mai ɗan jiki, ba ya ɗaga murya. Kowace safiya zaurensa cike yake da mahauta masu zuwa gaisuwa kafin su wuce kwata.

Na'urar tana zaune a wani ɗaki gefen kwata, an lulluɓe ta da buzu. Tsohuwa suke kiranta. Madannanta sun sha kitse har haruffa sun goge, magatakardan ƙungiyar da ka yake bugawa. Shekara da shekaru ina bin shugabansu Alhaji Bawa a kan a sabunta ta, amsarsa ɗaya ce:

"Malam Sani, wuƙar da ka yanka mi za a kai ta yi maƙera?"

Ranar da Tsohuwa ta fara ɗaukewa tana dawowa a tsakiyar kiran suna, shi da kansa ya zo shagona a kan babur. Suka sayi sabuwar na'ura, fara tas, mai sabon zubi. Na duba na ga tsakaninta da Tsohuwa akwai zango biyu, kuma zubin da ake buƙata sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Malam Bitrus, wanda a lokacin ya yi ritaya yana kiwon talotalo, shi ya tuna mini inda suka rage. Ɗaya yana wurin wani mai injin shinkafa a Bakura, ɗaya yana shagon mai taki a Maradun.

Na bi dokar maigidana. Na kwafi komai a faifai biyu, na sa ɗaya a aljihu, na miƙa wa Alhaji Bawa ɗaya na ce ya ajiye inda ɓera ba ya kaiwa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce in tafi hankalina kwance.

A Bakura na tarar kaza na kwanci a kan na'urar. Mai injin ya ce in yi duk abin da zan yi amma kada in tashe ta, saura kaɗan ta ƙyanƙyashe. Haka na durƙusa na yi aikin, ina miƙa hannu tana kai mini sara. Da na'urar ta ɗauki zafi sai kazar ta gyara zama ta lumshe ido, muka shirya. Shi wannan zubin a inda ya sami kaya yake juyar da su, ba ya barin tsohon kamanninsu, amma ban damu ba tunda na bar ajiya a gida. A Maradun kuma batirin agogon na'urar ya daɗe da mutuwa, kullum a rana ɗaya take wayar gari. Ta dubi faifaina ta ce ba ta karɓar kayan da ranar yin su ba ta zo ba tukuna. Sai da na lallashe ta na gyara mata kalanda, mai taki na tsaye yana cewa kada in tsufar masa da ita.

Da na dawo Mafara kwata na fara nufa. Tun daga nesa na hango wani abu yana ƙyalli a kan daben yanka. Na matso, sai ga Tsohuwa an buɗe mata ciki an kife ta a rana, ruwa na ɗiga. Gefenta ga tukunyar ruwan zafi da soso da toka. Alhaji Bawa ya taso yana fara'a.

"Sannu da hanya, Malam Sani. Ka ga aiki ko? Mu ga al'adarmu, kayan aikin da yag gama hidima ba a aje shi da dauɗa. Ruwan zahi munka sa mata, har cikin hanjinta anka cuɗa."

Wallahi ban taɓa ganin na'ura mai tsabta irin wannan ba. Har man kitse sun shafa mata don kada ta yi tsatsa. Na tambayi faifan da na bar masa. Ya ja ni ɗaki ya nuna sama. Ga shi can yana lilo a jikin ƙugiyar nama, an soke shi ta tsakiyar ciki.

"Ɓeran da za ya kai nan sai in shina da tsani," in ji shi.

Duk da haka ban razana ba. Kaya suna aljihuna, na zuba su a sabuwar na'ura suka shiga lafiya lau. Na duba, ba sunan da ya ɓace, ba rumfar da ta canja mai ita. A ma'aunin sana'armu aiki ya yi kyau, kuma har gobe ina nan a kan haka.

Ranar Talata da sassafe aka taru, shanu a ɗaure, kowa na wasa wuƙa. Magatakarda ya kunna sabuwa ya gyara murya ya kira sunan farko.

"Lawali na Gangare."

Lawali matashi ne da bai daɗe da barin wankin tumbi ba, shi ne na can ƙasan layi. Wuri ya yi tsit, har shanun suka daina motsi. Magatakarda ya ci gaba da kira, suna na fitowa yadda ya ga dama, yaro a gaban ubansa, bara a gaban maigidansa. Baba Nomau can tsakiya ya faɗo.

Ga abin da ya faru, ku samari ku buɗe kunne. Tsohuwa tana jera abu yadda aka ba ta shi, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Ba wanda ya sa ta, halinta ne kawai. A cikin rumbun nan kaf babu gurbin da aka rubuta girma. Sabon zubi kuwa ba shi da wannan hali, yadda ka zazzage buhun gyaɗa haka yake zubo sunaye. Abin da ƙungiyar ta fi dogara da shi ba ya cikin abin da aka rubuta, don haka bai bi ni Bakura ba.

Waɗanda suka faɗo ƙasa suka yi caa. Lawali ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi haƙuri iyayena, amma Hwatiha munka shahwa. Abin da na'ura tak kira shi ne." Duk waɗanda sabuwa ta ɗaga suka ce gaskiya ne, Fatiha ba wasa ba ce. Aka juya ana kallon Baba Nomau. Ya mayar da wuƙarsa kube ya ce, "Ni naj ja Hwatihar ga. In anka kawo kaina a kira ni." Ya koma gefe ya zauna. To, shi ya yarda, amma ba wanda ya iya sa wuƙa a wuyan sa alhali Baba na zaune, har shi Lawalin. Ana ta hayaniya famfo ya ɗauke. Ranar shanu suka koma gida da ƙafarsu, masu tuwo suka sayar da miya lami, masu tsire suka wuni suna hura gawayi.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Sunana ya koma mai kwamfutar da ya hana Talata nama. Wani mai kemis ya aiko a ce kada in ƙara taɓa masa na'ura, mai injin Bakura ya aiko cewa ƙwai biyu ba su ƙyanƙyashe ba.

Aka kai maganar gaban limamin unguwa. Ya saurara da kyau, sannan ya tambaye ni ko sabuwar ita ce tsohuwar da aka canja wa riga, ko kuwa ɗiyarta ce. Na ce ɗiyar jikanyarta ce. Ya shafa gemu, ya ce alkawari a kan layi aka yi shi, ba a kan ƙarfe ba, a maido layi yadda yake. Kowa ya ce madalla. Sai dai da aka zo maidowa tsugune ba ta ƙare ba. Ban da Baba Nomau, kowane mahauci ya tuna kansa a sama da inda maƙwabcinsa ya tuna shi. Na nemi tsofaffin takardun da firinta ta riƙa fitarwa, aka dube ni kamar mahaukaci. Mahauci bai ajiye takarda, duk an naɗe balangu da su.

Nan dabara ta zo mini. A ƙasarmu ƙarami ke fara gaida babba, kuma jiki ya saba, ba ya ƙarya. Na ce wa Alhaji Bawa a asirce mu zuba ido, duk inda biyu suka haɗu mu ga wa ya fara cire takalmi, a hankali layi zai fito da kansa. Dabarar ba ta da aibu. Abin da ya ɓata ta shi ne Alhaji Bawa ya ga kyanta har ya kasa riƙe ta, ya tara ƙungiya ya sanar a matsayin doka: wanda ya fara gaida wani, ƙasa da shi yake.

Daga ranar mahauta suka daina gaisawa. Ku tuna garin da ake tsayawa a tambayi kwana da gajiya da iyali da dabbobi da baƙon jiya, har mai babur ya kashe inji. Sai ga mutum biyu sun haɗu a ƙofar masallaci, kowa ya ɗaga kai yana duba hadari a tsakiyar rani. Wa da ƙane suka koma yi wa juna gyaran murya. Wani da abin ya ci masa rai ya riƙa gaida babur ɗin abokinsa. Aka yi suna a gidan ɗayansu, suka cika tabarma kowa na kallon ƙafarsa, kai ka ce zaman makoki ne. Har tambaya aka aika wa liman ko wanda ya amsa wa mai atishawa ya faɗi ƙasa, ya kori ɗan aiken da takalmi. Nama kuwa kowa ya koma yanka ɗan akuya a bayan gida, kwata ta zama wurin kwanan karnuka.

Wata safiya na biya zauren Baba Nomau. Tabarmi a shimfiɗe kamar kullum, butoci a jere, ba kowa sai shi. Ya amsa gaisuwata ya ja ta da tsawo kamar mai jin ƙishinta. Wallahi ya ba ni tausayi.

"Ɗana," ya ce, "ni ba layi yad dame ni ba, na ci rabona ga nama. Amma ɗiyan da ni nak koya musu riƙon wuƙa su hango ni su canja hanya? Ko maƙabarta kash shiga ai kana sallama."

Talatar da ta biyo aka sake taruwa a kwata, an ɗauro shanu don gwada sa'a, kowa ya ɗaure fuska. Ni ina zaune gaban sabuwar na'ura a ƙofar ɗaki. Sai ga Baba Nomau yana tafe da sandarsa. Ya tsaya a tsakiyar fili ya tuɓe takalmansa, ya nufi Lawali, ya durƙusa har ƙasa.

"Lawali, ina kwana? An tashi lahiya? Ya gajiya? Ya mutanen gida? Ya mai jego?"

Wuƙa ta suɓuce wa Lawali. Ya nemi wurin da ya fi na Baba ƙasa ya rasa, sai ya kwanta rub da ciki a kan dabe yana cewa, "Baba ka ruhwa min asiri, Baba don Allah tashi." Baba bai tashi ba sai da ya kai gaisuwar ƙarshenta. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba, ƙarti majiya ƙarfi suna toshe fuska da hula. Da ya gama ya juyo wurina yana kaɗe gwiwa.

"Malam Sani, doka doka ce. Sa ni ƙarshe. Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne."

Na sa shi. Kafin in ɗaga kai wani magidanci ya zabura zai tuɓe takalmi shi ma, sai wani dattijo da ake kira Baba Ila ya cafko masa riga ta baya.

"Kai wane ne da za ka riga ni durƙusawa? Kana goye naf fara fiɗa!"

Magidancin ya ja da baya ya ce gaskiya ne. Baba Ila ya bi kowa ya gaisar, na sa shi a saman Baba Nomau. Daga nan abin ya tafi kamar an tsara. Mutanen da suka yi ta rantsuwa sun girmi juna, da aka zo ƙasƙantar da kai ba wanda ya yarda ya sha gaban na gaba da shi. Kowa ya san wurinsa sarai, ya jira babbansa ya gama sannan ya tuɓe nasa takalmin. Ni dai ina ta jerawa daga ƙasa ina hawa. Har aka zo kan Lawali, ya waiga bai sami wanda zai gaisar ba, ya zauna a can ƙololuwa yana sharar hawaye. Layin Tsohuwa ya dawo cif, sai dai kansa a ƙasa.

Na ce wannan mai sauƙi ne, yanzu zan juya shi. Baba Nomau ya ɗora sandarsa a kan teburina.

"Bar ni inda nas sa kaina."

Aka rasa yadda za a yi, ga rana na ɗagawa. Alhaji Bawa ya leƙa allon ya ce wa magatakarda, "To kai mi ya hana ka karanto daga ƙasa?" Aka tura a tambayi liman, ya aiko cewa Fatihar ba ta ambaci ta inda za a fara ba. Magatakarda ya gangara ƙasa ya kira Baba Nomau. Ranar da saura ruwa a famfo lokacin da ya wanke namansa.

Tun daga nan na sabunta musu rumbun nan sau da dama. Na ba kowa lambar da ke riƙe shi a wurinsa, sabon shiga kuma a sama ake sa shi. Kuma ba na ƙara taɓa kayan kowa sai na wuni a wurin ina kallon abin da tsohuwar na'urarsa ke yi masa wanda ba wanda ya sa ta. Kowane sabon zubi ya zo sai ya nemi ya gyara layin nan, ni kuma in hana shi.

Kwanan baya ɗaya daga cikinku, samari, ya buɗe rumbun ya kira ni da murna, wai ya gano kuskure, layin a kife yake, dannawa ɗaya zai miƙe. Na riƙe masa hannu na ce ya jira Talata. Muka je kwata da sassafe. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, amma ƙungiya ta ce ba mai goge shi. Magatakarda ya gangara ƙasa ya kira sunansa, mahauta duka suka tuɓe takalmi suka ce Allah shi jiƙan shi, sannan aka kira na biye, aka kayar da sa.

Da muka koma shago saurayin ya sake buɗe rumbun, ya gangara har ƙasa, ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya janye hannunsa daga kan madannai.